Mabuɗan Kwamfutar Ofis da Sabon Ma'aikacinmu

Jawabin da aka yi wa wakilan ikilisiyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum ranar da aka gabatar musu da sabon ma'aikacin kwamfuta

Mun san waɗanda suka taso daga wajen Gummi sun baro gida tun da sassafe, mun kuma san hanyar Daki Takwas ba wadda mutum ke hawa da sakin jiki ba ce a wannan zamani. Za mu yi ƙoƙari mu gama da wuri domin kowa ya isa gida da sauran rana.

Kun ga saurayin nan da ke zaune kusa da ma'aji, kun kuma ji sunansa ɗazu. Shi ne muka ɗauka ya lura da kwamfutocin ofis da wayoyin da ake ɗaukar suna da su a ƙauyuka. A da, in an ɗauki ma'aikaci, sai a nuna shi, a yi masa addu'a, a tashi. Yau mun ga ya kamata mu ƙara da bayani, gama abin da za mu danƙa masa kayanku ne, mu ajiya kawai aka ba mu. Wanda aka ba ajiya kuwa ba ya miƙa ta ga wani ba da sanin mai ita ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwamfutar, domin wasu suna tsammani wasiƙu ne kawai da lissafin man mota. Duk lokacin da masu ɗaukar suna suka zo ƙauyenku suka zauna ƙarƙashin itace suna tambaya, amsoshin nan cikinta suke ƙarewa. Akwai sunan mai gida da ƙauyensa da yawan bakin da yake ciyarwa. Akwai gwauruwa da marayunta. Akwai wanda aka ƙone wa rumbu, da wanda ya gudo bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022, da gidan da ya sauka. Akwai waɗanda ambaliyar Gummi ta watan Agusta 2024 ta rushe wa ɗakuna. Akwai lambar waya, da lambar asusun banki, da nawa aka tura wa kowa, da ranar da aka tura. A wasu takardun har an rubuta majami'ar da mutum yake zuwa, da ko yana da ɗa a birni mai aiko masa da wani abu.

Wani zai ce, to, me ya kai ku rubuta duk wannan? Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin amsar. A shekarar 2010, sa'ad da gubar dalma ta ɓulla a Dareta, Abare, Sunke da Bagega cikin Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru cikin Bukkuyum, yara kimanin 400 suka mutu, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara. Likitocin ƙungiyar MSF da suka zo ba allura ɗaya suka yi suka tafi ba. Maganin dalma zagaye-zagaye ake shansa. A auna jinin yaro, a ba shi magani, a sake aunawa, in gubar ba ta sauka ba a sake wani zagaye, wani yaron har shekaru. In babu rajista mai nuna wane yaro ne, daga wane gida, jininsa ya nuna nawa a wancan karo, to, aikin ya watse. Dubban yara sun sami magani ta wannan hanya. Saboda haka ba ma jin kunyar rubuta suna. Da shi muke sanin wanda bai samu ba tukuna.

Amma ku ɗauki wannan rajista ɗin, ku sa ta a hannun mai kai wa mutanen daji labari. Ba sai mun yi dogon bayani ba. Ga sunan wadda aka tura wa kuɗi ranar Talata, ga ƙauyenta, ga shaida cewa ba namiji a gidan. Ga wanda ɗansa ke aiki a Abuja, wato akwai inda za a nemi kuɗin fansa. Abin da ɗan leƙen asiri zai yi wata guda yana shinshina a kasuwa, yana nan a jere cikin shafi ɗaya. Takardar da ke cikin akwati sai an fasa ɗaki an ɗauke ta, a kuma ga alama da safe. Ta cikin kwamfuta kuwa ana iya kwashe ta duka cikin ɗan filashi da bai kai yatsa ba, ta asali tana nan inda take, ba wanda zai san an taɓa.

Yanzu za mu faɗi laifin kanmu, gama in ba mu faɗa ba, ba za ku gane dalilin wannan tsari ba. Shekaru da yawa kalmar sirri ɗaya muke da ita a ofis. Kowa da ita yake shiga: sakatare, ma'aji, direba in yana son buga wasiƙa, har yaran da ke zuwa koyon aiki lokacin hutu. Don kada a manta, wani ya rubuta ta a 'yar takarda ya manna a ƙarƙashin tebur. Ma'aikata suka zo suka tafi, kalmar tana nan ba a sāke ba. Sai wata rana, bayan wani rabo, mata uku daga ikilisiya ɗaya suka zo da magana iri ɗaya. Wani ya buga musu waya, ya kira kowacce da cikakken sunanta, ya faɗi daidai kuɗin da aka tura mata, ya ce daga ofishinmu yake, wai akwai ciko, ta karanta masa lambar da za ta shigo wayarta. Biyu suka ƙi. Ɗaya ta karanta. Kafin magariba ba ko sisi a asusunta.

Muka zauna bincike. Abin da ya fi ba mu ciwo shi ne, kwamfuta ta nuna lalle an buɗe rajistar a wannan mako sau da yawa, amma duk da suna ɗaya, sunan ofis. Wataƙila wani na ciki ne, wataƙila wanda ya bar aiki ne, wataƙila kuma hoton takardar rabo ne wani ya ɗauka a ƙauye. Ba mu iya kama mai laifi ba, ba mu kuma iya wanke masu gaskiya ba. Wata biyu ma'aikata suna duban juna da wutsiyar ido. Wani dattijon ma'aikaci da ya yi shekaru yana hidima ba a taɓa samunsa da ko allura ba ya zo ya ce zai ajiye aiki, domin ba zai iya zama inda ake zarginsa ba. Da ƙyar muka ba shi haƙuri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa mu muka tsaga shi da hannunmu.

To, ga yadda muka shirya wa wannan saurayi shiga.

Da fari, an buɗe masa ƙofa da sunansa shi kaɗai, kamar yadda kowane ma'aikaci yake da tasa yanzu. Kalmar sirrinsa shi ya zaɓa, ya buga da hannunsa, mu kuwa muka juya baya. Shugaban ofis bai san ta ba, ba kuma zai tambaya ba. Wasu dattawa sun ga kamar rashin ladabi ne yaro ya ɓoye wa shugabansa abu. Mun fahimce su. Amma in mutum biyu sun san kalma ɗaya, ranar da abu ya ɓaci mun koma gidan jiya, kowa ya ce ba shi ba ne. Game da irin kalmar, mun hana sunan ɗa, sunan ƙauye, shekarar haihuwa da lambar waya, gama su ɓarawo ke fara gwadawa. Masu bincike da ke tattara kalmomin sirrin da aka sace a duniya, shekara da shekaru suna tarar da 123456 a sahun gaba. Abin da ya fi shi ne kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a jera su, mai su ya iya riƙewa a ka, baƙo kuwa ya rasa ta inda zai kama. Ba ma kuma tilasta a sāke ta kowane wata. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idodin irin wannan aiki, ta ba da shawara a daina haka, domin wanda aka matsa wa canji kullum yakan ƙara lamba ɗaya kawai a ƙarshe, ko ya rubuta a takarda. Ana sāke ta ne in an ga alamar wani ya sani.

Bayan kalmar sirri akwai kwado na biyu. In ya buga kalmar, kwamfuta za ta nemi wata lamba mai alƙaluma shida da ke fitowa a wayarsa, tana sākewa kowane rabin minti. Ko wani ya leƙa ta bayansa ya haddace kalmar, in ba wayar a hannunsa, ba shiga. A nan ma wahala ce ta koya mana. Da farko ta saƙon tes ake aiko mana da lambar. Kun tuna farkon Satumba 2021, da gwamnati ta sa aka rufe sabis na waya a dukan jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga? Makonni da yawa ba kira, ba saƙo, wasu sai sun tsallaka wata jiha kafin su ji muryar 'ya'yansu. A lokacin mun iske kanmu a kulle daga namu ɗaki, gama lambar ba ta da hanyar zuwa. Yanzu wata manhaja ce a cikin wayar take fitar da lambar da kanta, ko da sabis ko babu. Wannan rufewa kuma ita ta sa har gobe muke ajiye kwafin rajista a takarda cikin akwatin ƙarfe mai kwado biyu. Kada matasa su yi mana dariya. Kwamfuta tana bukatar wuta da sabis, mai yunwa kuwa ba ya jiran su dawo.

Sai batun ɗakunan da aka buɗe masa da waɗanda aka rufe. Ku dubi yadda kuke yi da baiko ranar Lahadi. Mai zagayawa da kwando dabam, masu ƙirgawa mutum biyu ko uku, sakatare ya rubuta, ma'aji ya ajiye, in za a fitar kuma sai da hannu biyu a takarda. Ba wanda ya ce ma'aji ɓarawo ne. An yi haka ne domin a rufa wa kowa asiri, har da ma'ajin. Haka muka raba aikin kwamfuta. Mai ɗaukar suna a ƙauye yana aiki da manhajar KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji da yawa suke amfani da ita domin tana aiki ko ba sabis. An ba shi iznin shigar da suna ya aika, amma ba ya ganin na sauran ƙauyuka. Jami'ar rabo tana ganin sunaye, tana iya gyara kuskure, amma ba ta iya tura kuɗi. Ma'aji yana shirya biya, amma ba ya fita sai shugaba ya sa hannu daga tasa ƙofar. Shi kuwa ma'aikacin kwamfuta, aikinsa ya buɗe wa sabon ma'aikaci ƙofa in an ba shi umarni a rubuce, ya rufe ta wanda ya tafi, ya gyara inji, ya sabunta manhaja, ya tabbata ana ajiye kwafi. Ba aikinsa ba ne ya sa suna ko ya cire suna. Ba shi da hannu a banki ko kaɗan.

Amma a nan dole mu gaya muku gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Wanda ke yanka wa kowa mabuɗi, in ya so, yana iya yanka wa kansa. Haka aikin yake a ko'ina cikin duniya, daga ƙaramin ofis irin namu har babban banki. Duk wanda ya ce muku ma'aikacin kwamfuta ba shi da hanyar ganin abin da ke ciki, daɗin baki ne. Shi ya sa kafin mu ɗauke shi muka je muka tambayi inda ya yi karatu, da inda ya yi aiki, da dattawan da suka san gidansu. Shaida ta yi kyau. Duk da haka ba mu tsaya ga shaida kaɗai ba, gama mutumin kirki ma yana shiga matsi, ana kuma iya sace wayarsa ko a ruɗe shi.

Saboda haka mabuɗi biyu muka ba shi. Ƙarami na yau da kullum, wanda da shi yake karanta imel da rubuta rahoto kamar kowa. Babban kuwa, mai buɗe ko'ina, ba ya taɓa shi sai aikin da ya bukace shi ya taso, in ya gama ya fita. Dalili shi ne, ɓarayin intanet da yawa ta wasiƙar ƙarya suke shigowa. In ya danna irin wannan wasiƙa yana riƙe da ƙaramin mabuɗi, ɗaki ɗaya aka shiga. In da babban ne, gidan duka ya tafi. Kwamfuta kuma tana da littafi irin na maigadi: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya buɗe, me ya kwafa. Kwafin wannan littafi yana tafiya babban ofishinmu, inda hannunsa bai kai ba, ba ya iya gogewa. Kowane ƙarshen wata mutum biyu da ba a ƙarƙashinsa suke ba za su zauna su duba. Mun gaya masa haka tun ranar ganawa. Ya ce ya fi son haka, domin ranar da aka yi ɓata, littafin ne zai tsaya masa. Wannan amsa tana cikin abin da ya sa muka zaɓe shi.

Kada ku ce ƙananan ofisoshi ne kaɗai abin ke samu. A watan Janairu 2022 Kwamitin Red Cross na Duniya, mai hedkwata a birnin Janeba, ya sanar cewa an kutsa cikin kwamfutocinsa, an kai ga bayanan mutane fiye da 515,000. Su wane ne? Waɗanda yaƙi da gudun hijira suka raba da iyalansu, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda ke tsare, wato mutane irin waɗanda ke cikin tamu rajista. Ɓarayin sun bi ta wata tsaga da ke cikin manhajar lura da kalmomin sirrin ma'aikata. Masu manhajar sun riga sun fitar da gyara, amma ba a sa shi a kan lokaci ba. Kimanin kwana 70 suka yi a ciki kafin a gane. Dole ƙungiyar ta rufe na'urorin da take haɗa iyalai da su na ɗan lokaci, masu jiran labarin 'yan'uwansu suka ƙara jira. In haka ta sami masu ƙwararru da kuɗi, ina ga mu da ke jiran rana ta cika batirin sola? Shi ya sa aikin farko da muka ɗora wa saurayin nan shi ne tsofaffin kwamfutocinmu masu Windows 10, gama kamfanin Microsoft ya daina aiko musu da gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Wadda za ta ɗauki sabo a sa mata, wadda ba za ta ɗauka ba a cire rajista daga cikinta, a bar ta ga buga wasiƙa.

Akwai kuma doka. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, aka kafa hukuma mai lura da ita. Dokar ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. Ta ce in an sace bayanai ta yadda zai iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Ta kuma ba ku iko ku tambayi abin da aka rubuta a kanku, ku sa a gyara in da kuskure. Ba sai kun yi roƙo ba. Duk wanda ya zo ofis ya ce yana son ganin nasa, za a nuna masa nasa, ban da na maƙwabcinsa. Mun kuma yanke shawara mu daina tambayar majami'ar mutum a takardar rabo. Ba mu taɓa raba hatsi bisa ga wannan ba, maƙwabtanmu Musulmi da bala'i ya shafa suna cikin rajista ɗaya da mu, to, me za mu yi da tambayar? Abin da ba a rubuta ba, ba a iya sace shi.

Yanzu ga namu roƙo gare ku, na farkon kuwa shi ya fi nauyi. Kada ku matsa wa yaron nan. Mun san halinmu. Da an ji ɗan wane ya shiga ofis, sai kawu ya zo, gwaggo ta aiko, abokin makaranta ya tare shi bayan sujada: sa sunana, duba mini ko na fito, gaya mini yaushe za a yi rabo. In ya ƙi, a ce ya sami wuri ya manta da dangi. Iyayenmu, ku ji mu da kyau. Sa suna ba ya hannunsa. In kuwa ya bi ta bayan gida ya sa, littafin maigadi zai nuna, aikinsa ya ƙare, sunan da ya sa a cire, kunya ta hau gidansu. Wanda ya matsa masa shi ya tura shi rami. In kana ganin ka cancanta aka tsallake ka, kwamitin ƙauyenku yana nan, akwatin ƙara yana nan, ƙofar shugaba a buɗe take. Ranar rabo kuma ba ma faɗinta da wuri ga kowa, kun san dalili, kada ku sa shi a tsaka mai wuya.

Na biyu, ku kai wannan saƙo kowane gida, musamman ga tsofaffi da mata. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma karɓar kuɗi ta waya da wajen masu POS, 'yan damfara kuwa suka biyo su. Ba wani ma'aikacinmu, ko wannan saurayi, ko shugaba kansa, da zai buga muku waya ya nemi lambar sirrin katinku, ko lambar BVN, ko lambar da ta shigo ta saƙo. Ko ya kira sunanki da na kakarki, ko ya faɗi kuɗin da kika karɓa daidai, ki kashe wayar, ki gaya wa wakilin ikilisiyarku. A wurin mai POS, ki buga lambarki da hannunki, ki rufe da ɗaya hannun. In ba ki iya ba, ki je da ɗanki ko 'yarki, kada ki miƙa kati haɗe da lamba ga wanda ba ki sani ba. In waya ta ɓace ko aka ƙwace ta a hanya, layin ya fi wayar haɗari, domin da shi ake shiga asusu. A gaggauta rufe layin, a sanar da banki, a sanar da mu ma. Kada kunya ta hana wanda aka cuta magana. Matar nan da muka ambata ta yi kwana huɗu ba ta faɗa wa kowa ba, da ta faɗa a ranar, da mun gargaɗi sauran da wuri.

Na uku ya shafi sakatarorin ikilisiya da shugabannin matasa. Muna roƙo a daina ɗaukar hoton takardar sunaye ana turawa a zauren WhatsApp. Mun san da kyakkyawar niyya ake yi, don kowa ya ga ba a yi son kai ba. Amma zaure mai mutum ɗari, waya ɗari ke nan, kowace tana kwana a shagon caji, wata a hannun yara, wata an sayar ba a goge ba. A karanta sunaye da baki a gaban jama'a in ana son shaida, a mayar da takardar hannun wakili. Wayoyin aiki da muke ba masu ɗaukar suna kuma ba na aro ba ne, ba na kallon fim ba ne. Kowace tana da kulle, in ta ɓace a faɗa a ranar domin a rufe ƙofarta daga ofis.

Mun kuma yi maganar ranar tafiyarsa tun kafin ya fara, ko da yake wasu sun ce wannan kamar yi wa amarya zancen saki ne. Matashi ne, wata rana zai sami inda ya fi, mu kuwa za mu sa masa albarka. An rubuta kowane mabuɗi da aka ba shi a takarda ɗaya, ya sa hannu, shugaba ya sa. Ranar da zai bar aiki, ko da salama ko da akasi, za a bi takardar nan layi-layi a rufe kowace ƙofa kafin ya fita daga harabar, a sāke manyan kalmomin sirri, ya mayar da waya da kwamfuta. Kowane wata uku kuma za a bi sunayen duk masu shiga, a ga ko akwai wanda ya tafi aka manta ba a rufe tasa ba, ko wanda ya canja aiki yana riƙe da tsohon mabuɗi.

Abu ɗaya ya rage, shi ne za mu yi a gabanku. Rai ba a hannunmu yake ba, hanyoyinmu kuwa kun san yadda suke. In wani abu ya sami wannan saurayi, ko rashin lafiya, ko tsautsayin hanya, bai kamata rajistar dubban mutane ta kulle tare da shi ba. Saboda haka akwai mabuɗin gaggawa, wanda ba a aiki da shi kullum. An raba kalmarsa gida biyu, an sa kowane rabi a ambulan dabam. Ɗaya zai zauna wurin shugaban ofis, ɗaya wurin wanda kwamitinku ya zaɓa, ba a kuma buɗewa sai su biyun suna tare da shaida. In an buɗe, a sāke kalmar a ranar, a sake liƙewa. Ga ambulan ɗin nan a kan tebur. Muna roƙon wakili ɗaya daga Anka, ɗaya daga Gummi, ɗaya daga Bukkuyum su fito su sa hannu a kan bakin da aka liƙe, a cikinsu kuma lalle a sami mace. Wanda ba ya rubutu, ga tawada, ya dangwala yatsa. In an gama, mutanen Gummi su fara cin abinci, gama motarsu ce za ta fara tashi.